Asusun Ba Ya Biyan Mai Rai

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan La'asar

Sun ce mu ɗauke Kawu Dalhatu daga asibiti ranar Talata. Likitan ya ce iyakar abin da za su iya yi sun yi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ba zai dawo ba, abin da ya rage jinya ce. Na ce a ina za a yi jinyar? Ya ɗaga kafaɗa, ya ce inshorar wurin aikinsa kwanakin asibiti take biya, ba ruwanta da zaman tsufa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya kawo ni Riyad. Ya fi shekara talatin yana ɗinkin kujerun mota a wani gareji a nan unguwar Gubaira, kuma a kan keken ɗinkin ya faɗi. Ba shi da kowa a ƙasar nan sai ni.

Ni kuwa direba ne, ruwan gora nake rarrabawa shaguna. Albashina riyal dubu ɗaya da ɗari takwas, rabinsa yana tafiya Funtuwa wurin matata Bilƙisu da yara tun kafin ya ɗumi aljihuna.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan Magariba

Mun kawo shi. Ni da Maulud muka hau da shi bene a kan kujerar roba, muna tsayawa a kowane hawa. Maulud ɗan Damagaram ne, ɗaki ɗaya muke haya, yana gadi a unguwar Dira da dare. Shi ya fara cewa zai kula da Kawu da rana, ni in karɓa in na dawo. Ban roƙe shi ba. Na ce yaushe za ka yi barci? Ya ce ai mai gadi ya saba satar barci.

Da na zo gyara shi, Kawu ya juya fuskarsa bango. Mutumin da ko hula bai taɓa cirewa a gabana ba. Na yi ta surutun banza a kan cunkoson hanya don kada shirun ya kashe mu. Da na gama sai ya kama hannuna da hagunsa. Bakinsa ya karkace, amma na ji shi sarai.

"Rabilu, kada ka mai da ni gida."

Na ce, "Kawu, wa ya yi maganar gida?"

"A nan za a yi mini salla. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da hantsi, a cikin mota

Na je wurin ɗan kafil, wato ɗan ubangidan da Kawu yake zaune a ƙasar nan da sunansa. Tsohon kafil ɗin Kawu ya rasu bara, 'ya'yansa kuma sayar da garejin za su yi. Yaron ya karɓe ni da gahawa da dabino, ya ce Kawu kamar baffansu yake, a hannunsa suka girma. Duk na haɗiye wannan ina jiran ƙarshen zance. Ƙarshen shi ne iƙamar Kawu, takardar izinin zamansa a ƙasar, za ta ƙare farkon watan gobe, ba za su sabunta wa wanda ba ya aiki ba. Kuɗin sallamarsa kuma ya riga ya karɓi mafi yawansu a hannun mahaifinsu lokacin da Kawun yake gini a Funtuwa. Ragowar dubu goma sha ɗaya ne, ya miƙo mini a ambulan.

Ginin nan na san shi. Ƙannen Kawu ne a ciki da iyalansu, kowa ya ja katanga ya ce nasa ne.

Na yi godiya. Har yanzu haushin godiyar nan nake ji.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan Isha

Da ina gida aka ce mini wata rana zan yi yawon neman gidan tsofaffi don in kai yayan uwata, da sai na zagi mutum. A wurinmu ai abin gori ne har jikoki. Yau ga ni na karɓi hutun rabin yini, ina yawon da ƙafata.

Na fara da na gwamnati. Mai gadin ƙofa ma ya isar mini da saƙo: na 'yan ƙasa ne. Bai wulaƙanta ni ba, har ya kwatanta mini wani na kuɗi can arewacin gari.

Gani ya kori ji. Wurin yana da furanni, da sanyi, da ƙamshi, tsofaffi a kan kekuna suna kallon talabijin. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta dubi iƙamata, sai ta ce, "Sannu, Baba." Sunanta Hajar, iyayenta Hausawa ne, a nan aka haife ta. Hausarta tana ɗingishi, in ta maƙale sai ta tsallaka Larabci.

Ta ce ba kuɗi ɗaya ba ne, ya danganta da abin da ya rage wa mutum. Wanda yake tafiya da kansa, yake ci da hannunsa, dubu bakwai a wata, su biyu a ɗaki. Wanda ake kai wa banɗaki ya fi haka. Ta tambaye ni ko Kawu yana iya juyawa a kan gado. Na ce a'a. Ta ce to shi yana mataki na ƙarshe, dubu goma sha biyu. Na ce da komai da komai? Ta sunkuyar da kai. Famfas daban, magani daban, gashin ƙashi kowane zama da kuɗinsa, in aka kira likita daga waje shi ma daban. Kafin a ba da gado sai an ajiye na wata biyu. Sannan sai da iƙama mai rai.

Wato yadda jikin mutum yake ƙara mutuwa, haka kuɗinsa yake ƙara hawa. Aikin shekara talatin na Kawu bai kai kwanan wata ɗaya a wurin nan ba.

Na yi dariya, ban san daga ina ta fito ba. Hajar ta rako ni har ƙofa, ta ce, "Baba, kada ka sa kuɗinka a nan. Ina ganin mutane, suna biyan wata biyu, wata uku, daga nan su zo su ɗauke shi ya fi da lalacewa. Allah ya ba shi lafiya." Na ce amin.

Litinin, 13 ga Oktoba, da Azahar

Na ga wasu biyu. Ɗaya ya fi na shekaranjiya tsada. Ɗaya dubu tara, amma zarnin fitsari ya tare ni tun daga ƙofa, kuma su ma sai da iƙama.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan Magariba

Yau Kawu ya tashi da son zuwa gareji. Wai akwai kujerun wani mutum da ya yi alkawarin gamawa kafin Juma'a. Maulud ya ce ya yini yana neman almakashinsa a ƙarƙashin filo. Da na dawo ya kira ni da sunan mahaifina, ya tambaye ni ko an yi shuka. Can anjima kuma ya dawo garau, har ya yi mini faɗa a kan na bar fitila a kunne.

Ban san wanne ya fi mini ciwo ba, in ya ɓata ko in ya dawo.

Famfas ya ƙare. Na taɓa ambulan ɗin, karo na uku ke nan.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan La'asar

Akwai asusu da Hausawan Gubaira da Jaradiya suke zubi duk wata. In mutum ya mutu a nan, daga ciki ake yin hidimar jana'iza, a biya masa bashi, a aika wa iyalinsa abin da ya samu. Kawu na cikin mutum biyar da suka kafa shi, bai taɓa fashin wata ba. Ni ma shi ya sa ni a ciki tun albashina na farko. Duk kwanakin nan da asusun nake kwana a rai, ban gaya wa kowa ba, kamar mai ɓoye nama a ƙasan tuwo.

Bayan masallaci na bi Alhaji Sha'aban, ma'ajinmu, zuwa ɗakinsa a Jaradiya. Akwai dattawa shida. Na yi bayani tiryan-tiryan. Na ce ba sadaka na zo nema ba, abin da za a ba iyalin Kawu in ya mutu nake so a ba shi yanzu yana da rai, ko a samu a nemo masa wani kafil da mai jinya.

Alhaji Sha'aban ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Rabilu, asusun ba ya biyan mai rai. Kuma ba ya biyan wanda ya mutu a gida, sai wanda ya mutu a ƙasar nan. Dalhatu da bakinsa ya kafa wannan doka, ina zaune, lokacin da waɗanda suka koma suka fara aiko da koke-koke."

Na ce lokacin duk samari ne ku, ba wanda ya zaci zai tsufa a nan.

Ya ce, "Gaskiyarka. Kowa shekara biyu ya zo yi. Amma dubi ɗakin nan. In na buɗe wa Dalhatu yau, wa zan hana gobe? Wata shida asusun ya ƙare, ranar da aka yi mutuwa kuma mu rasa na likkafani."

Na dube su. Wannan da ciwon suga, wannan ido ɗaya ya tafi, wannan hannunsa rawa yake yi. Babu wanda ya haɗa ido da ni.

Daga nan na faɗi wata magana da ba zan rubuta ba. Wani dattijo ya yi salati. Na fita ban yi sallama ba, takalmina ma a hannu na sauko da su.

Asabar, 18 ga Oktoba, da safe

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan bai yi ƙarya ba.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan Isha

Kawu ya faɗo daga gado. Barci ya sace Maulud, shi kuma ya ji kiran salla ya yunƙura zai yi alwala. Goshinsa ya fashe. Maulud ya kira ni yana kuka, na bar mota cike da ruwa a bakin wani shago na taho. Mudir, shugaban wurin aikinmu, ya ce wannan ne na ƙarshe, in na sake barin mota in ajiye masa makulli.

Da muna canza masa riga na ga gyambo ya fara a ƙugunsa. Ashe juyin da muke yi masa bai isa ba. Hajar ta gaya mini su duk awa biyu suke juya mutum, dare da rana. Abin da ake sayarwa dubu goma sha biyu ke nan, mutanen da ba sa barci.

Maulud ya rame. Idanunsa sun yi ja kamar garwashi. Hutunsa yana zuwa farkon watan gobe, rabonsa da iyalinsa shekara uku, akwai 'yarsa da bai taɓa gani ba. Ya ce zai ɗaga tafiyar. Na ce in ka ɗaga ban yafe ba. Kawuna ne, ba naka ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da Azahar

Wani ya ce akwai masu jinya a gida da ba su da takarda, dubu biyu a wata. Ya fi albashina. In aka kama kuma mu duka za a kwashe.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan Magariba

Na kira Sabuwa. Ita ce 'yar Kawu tilo, tana aure a Funtuwa. Taubashiyata ce, amma yau babu wasa a bakin kowa. Tana 'yar shekara huɗu ya taho, yakan je bayan shekara uku ko huɗu, tun da mahaifiyarta ta rasu kuma bai sake taka garin ba.

Na ɓata lokaci ina zagaye-zagaye. Ta katse ni, ta ce, "Rabilu, faɗi abin da ka kira ka faɗa."

Na faɗa.

Sannan ta ce, "Ubana ne, ba zan ce kada a kawo shi ba. Ɗaki biyu gare mu, yara shida. Zan fitar da manyan zaure. Amma ka sani, ni ban san mutumin nan ba. Ban san abin da yake ci ba, ban san abin da ke sa shi dariya ba. Kuɗinsa na sani, shi ma ya daɗe da dainawa."

Na ce, "Yaya Sabuwa, ya ce kada a mai da shi."

Ta ce, "To ka riƙe shi mana."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya shige ni. Mun yi lissafi tare. Abin da ya rage a ambulan, in aka cire kuɗin jirgi aka canza saura, zai ɗauki mai jinya da magani a can wajen shekara guda. A nan ko wata ba zai kai ba. Bayan shekarar fa? Ta ce Allah yana nan. Na ce haka ne.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da asuba

Numfashinsa ya canza jiya, yana ja yana tsayawa. Na zauna a gefensa ina saurare. In ya tsaya sai in ƙirga, in ya dawo sai in sauke ajiyar zuciya. Akwai wani tsayawa da ya yi tsawo, wani abu ya zo mini a rai game da asusu, da jana'iza a nan, da yadda kowa zai samu abin da yake so har shi kansa.

Numfashin ya dawo. Na tashi na yi alwala, na daɗe a banɗaki.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan La'asar

Alhaji Sha'aban ya zo da kansa, ya hau benen nan da gwiwarsa mai ciwo. Ya zauna kusa da Kawu suka yi hirar mutanen da duk sun mutu. Kawu ya gane shi, har ya tambaye shi ko kowa ya yi zubin wannan wata. Alhaji ya ce kowa ya yi. Kawu ya ce, "Nawa fa? Rabilu, ka ba shi nawa." Na ɗauko hamsin na ba shi a gabansa. Ya karɓa, don babu yadda zai yi.

A bakin ƙofa ya mayar mini da ita, ya haɗa da wani ƙullin leda. Ya ce ba daga asusu ba ne, daga aljihun dattawan nan ne, kowa da abin da ya iya. Na ba shi haƙuri a kan maganar rannan. Ya ce, "Bar shi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ni ma benen nan nake kallo ina tunanin wa zai sauko da ni."

Kuɗin sun kai na tikiti.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da Azahar

Ɗan kafil ya buga takardar fita ta dindindin. Minti biyar a wayarsa. Ya ce in gai da baffa.

Na nemi mudir ya ba ni mako ɗaya in raka shi, ya ce in na tafi in tafi gaba ɗaya. Maulud ta Kano zai bi zuwa Damagaram, shi zai kai shi. An samu jirgi ɗaya, ranar Alhamis, za su sauka Jidda su canza. Sabuwa da mijinta za su tare su a Kano.

Ban gaya wa Kawu ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ban gaya masa ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan Magariba

Na zauna da niyyar faɗa. Na ce, "Kawu." Ya ce, "Na'am, ɗan albarka." Sai na tambaye shi ko zai sha kunu.

Laraba, 5 ga Nuwamba, bayan Isha

Ina haɗa kayansa ina juya masa baya. Duk abin da ya tara jaka ɗaya ce ba ta cika ba: riguna huɗu, Alƙur'ani, almakashi, hotuna. Ashe idonsa biyu.

Ya ce, "Tafiya za a yi?"

Na ce eh.

"Ina?"

Maulud yana tsaye da buta, ya ƙame. Sai fuskar Kawu ta washe, ɓarin da ke motsi ya yi murmushi.

"Umra za ku kai ni?"

Na dubi Maulud, ya dubi ƙasa. Na ce, "Eh, Kawu."

Ya ce Alhamdu lillahi har sau uku. Ya ce dama ya san ba zan bar shi haka ba. Ya ce in duba ƙasan akwatin ƙarfe, haraminsa yana nan, in wanke masa. Na wanke, yana shanye a kan igiya yanzu, ina kallonsa.

Maulud ya ja ni waje ya ce, "Rabilu, ni za ka bar wa wannan a Jidda." Na ce na sani. Ya ce, "To."

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da hantsi, a filin jirgi

Mun yi masa wanka da asuba, muka ɗaura masa haramin a kan famfas, na rufa masa bargo saboda sanyin jirgi. Tun a mota yake ta murna, yana gaya wa direban tasi cewa ɗan ƙanwarsa ne ya biya masa. Direban ya ce mini Allah ya saka da alheri. A layin awo wasu mutane suka ba mu hanya saboda haramin, wata tsohuwa ta ce ya sa ta a addu'a.

A inda ba a barin mai rakiya ya wuce, na durƙusa a gaban kekensa na gyara masa mayafin kafaɗa. Ya ce, "Kai ba za ka ba?" Na ce aiki ya hana. Ya ce ba komai, Lahadi ai sun dawo, in tabbata na kashe fitila in zan fita.

Sannan ya riƙe wuyan rigata da hagunsa.

"Me zan roƙa maka in na ga Ɗaki?"

Na ce ya roƙa mini gafara.

Ya ce, "Wannan ai dole ne. Ban da ita fa?"

Na ce ita kaɗai ta isa.

Maulud ya tura shi suka shiga. Ina jin muryarsa yana gwada Labbaika da karkataccen bakinsa har suka sha kwana.

Alhamis, bayan La'asar

Maulud ya kira daga Jidda sau huɗu. Ban ɗauka ba.